Aikin Damina Tun Bazara Ake Fara Shi

'Ya'yana da jikokina, maza da mata, ku matso kusa ku saurara.

Mu mutanen Birnin Gwari ba baƙin noma ba ne. Masara da dawa da shinkafa da waken soya da ke fitowa daga Kuyello da Dogon Dawa da Randagi da Kakangi sun ishe mu shaida. Amma akwai wani reshe na noma da muke rainawa saboda ƙanƙantarsa, wato garka, ɗan filin nan na bayan ɗaki ko gefen rijiya inda kakanninku mata ke shuka kuɓewa da yakuwa da barkono. A kanta nake so mu yi magana.

Kun san rikicin da ya same mu. Shekara da shekaru daji ya gagari manomi, gonaki masu nisa suka koma saura, hanyar Kaduna ta Udawa da Buruku ta zama abin fargaba, ta Funtuwa ma haka. Sai a ƙarshen shekarar 2024 aka yi sulhu, Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar kara. Allah ya ɗorar mana da zaman lafiya. A cikin waɗancan shekarun rikici na gani da idona cewa gidan da ke da zogale biyu da 'yan tushen kuɓewa a bayan ɗaki bai rasa abin kaɗa miya ba, ko da kasuwa ba ta ci ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Abu guda nake so ku riƙe ko da kun manta sauran. A garka, aikin kowane lokaci tun a lokacin da ya gabace shi ake yin sa. Takin da damina za ta ci da bazara ake haɗa shi. Tumatur ɗin da za a dasa da hunturu da kaka ake yafa irinsa. Miyar da za a sha da bazara da kaka ake shanya ta. Wanda ya jira sai lokaci ya zo sannan ya tashi, kullum a baya zai riƙa tafiya.

Ku fara da zaɓen wuri. Masu ba da 'ya'ya, irin su tumatur da tattasai da kuɓewa, suna so rana ta same su aƙalla awa 6 a yini. Masu ganye, irin su alayyahu da latas, suna jure 'yar inuwa. Kada ku yi garka a gindin mangwaro ko darbejiya, domin saiwarsu za ta shanye ruwan, inuwarsu kuma ta sa shuka ta yi tsawo ba ƙwari. Kafin ƙwayar iri ɗaya ta shiga ƙasa, ku kafa shinge. Akuya ɗaya na iya cinye wahalar wata biyu kafin ku dawo daga masallaci. Darnin karan dawa ko zana ya isa a farko, sannan ku jera zogale da lalle a jikinsa, kafin karan ya ruɓe shinge mai rai ya tsaya.

Ga wata magana da ta shafe mu musamman. Ƙasarmu ƙasar zinare ce. A 2010 gubar dalma ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum ta jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun ma'adinai a cikin gidaje, ƙurar tana bin ƙasa da hannun yara da abinci. A 2015 irin wannan ta faru a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, maƙwabciyarmu. Saboda haka duk inda aka taɓa niƙa dutsen zinare ko wanke shi, kada ku shuka abin ci a wurin, kada ku ɗebo ƙasarsa ku zuba a buhu, kada ku yi ban-ruwa da ruwan kududdufinsa.

Batun taki kuwa, malaminmu yana nan kusa. Dajin Kamuku, wanda aka keɓe tun 1936 kuma ya zama gandun daji na ƙasa a 1999, babu mai kai masa buhun taki, amma doka da maje da kawo da maɗaci suna ta girma a cikinsa. Dalili shi ne ƙasarsa ba ta zama tsirara. Ganye ya faɗo, ya lulluɓe ta, gara da tsutsa su ci, ruwa ya jiƙa shi, ya koma baƙar ƙasa mai laushi. Wannan aikin za ku yi a gida. Ku haƙa rami mai zurfin gwiwa a wuri mai inuwa. Ku shimfiɗa busasshen ganye da yankakken kara, ku bi da kashin awaki ko na shanu ko na kaji, ku barbaɗa toka kaɗan, ku zuba ɓawon kayan miya, ku sake maimaitawa har ramin ya cika. Ku yayyafa ruwa ya yi danshi ba tare da ya jagwaɓe ba, ku riƙa juyawa duk bayan mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 zai yi baƙi, zafinsa ya tafi, warinsa ya koma ƙanshin ƙasa. Leda da batir da fasasshiyar kwalba ba sa shiga wannan rami. Ɗanyen kashin kaji kuma yana ƙona saiwa, sai ya ruɓe ake kai shi gindin shuka. Darasin za ku ɗauko daga daji, ƙasarsa da itatuwansa ku bar masa.

Shekarar mai garka daga bazara take farawa, wato Maris da Afrilu zuwa farkon Mayu. Wannan lokaci ne na raya abin da ke akwai da shirya abin da ke zuwa. Ku rufe gindin kowace shuka da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, kaurin yatsu uku, amma kada ya taɓa jikin karan, don kada gara ta samu hanya. Ku yi ban-ruwa bayan sallar asuba ko bayan la'asar sakaliya, a gindi, a hankali, har ya ratsa. Ruwa mai yawa sau ɗaya ya fi yayyafi sau uku, domin yayyafi yana sa saiwa ta tsaya a sama inda rana za ta dafa ta. Ruwan alwala da na wanke shinkafa da na ɗauraye ganye duk kada su tafi rariya a banza. Wanda ke da sabulu mai yawa ko gishiri ne kawai za ku kauce wa. Akwai kuma dabarar tulu: ku binne tulun ƙasa har wuya a tsakiyar shuka, ku cika shi, ku rufe bakinsa. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikinsa daidai yadda ƙasa ke buƙata.

Da bazara tumatur yakan zubar da fure saboda zafi, don haka kada ku ɓata ruwanku a kansa. Alayyahu da rama da kuɓewa su ne masu jurewa idan sun samu ruwa da 'yar rumfar ciyawa a kansu. A wannan lokaci ne za ku sare kan zogale daidai ƙirjinku, domin ya yi rassa da yawa, ganyensa ya zauna inda hannu zai kai. Ku kwashe takin da ya nuna ku gauraya da ƙasa, ku gyara shinge, ku fito da iri ku duba. Idan ruwan farko ya sauka, kada ƙanshin ƙasa ya ruɗe ku. Sau da yawa yakan ɗauke mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone. Ku jira ruwa ya zauna, daga ƙarshen Mayu zuwa Yuni, ku tona ku ga danshi ya kai zurfin ɗani guda.

Damina uwar albarka ce, amma a garka matsalarta yawan ruwa. Saiwa tana numfashi, idan ruwa ya kwanta mata kwana biyu sai ta ruɓe. Saboda haka da damina a kan kunya ake shuka, a kuma fitar wa ruwa hanya. Irin alayyahu ƙanana ne ƙwarai, ku gauraya shi da yashi kafin ku yafa don kada ya fito a cunkushe. Cikin mako 3 zuwa 4 za ku fara yanka. Kada ku yafa duka rana ɗaya. Ku yafa kaɗan yau, kaɗan bayan mako 2, haka har ƙarshen damina, sai ya zama kullum akwai ɗanye. Irin kuɓewa ku jiƙa shi ya kwana, ku sa ƙwaya 2 ko 3 a rami, tsakanin rami da rami kamu guda, in sun fito ku bar mafi ƙarfi. Wajen wata 2 za ta fara 'ya'ya, kuma tana son a riƙa tsinka duk bayan kwana 2 ko 3. Idan aka bar 'ya'yan suka ƙosa a jikinta, sai ta rage haihuwa. Kabewa ku shuka ta a gindin shinge ko rumfa ta hau sama, ta bar muku fili, kuma maciji bai samu maɓoya ba. Yakuwa da rama da lalo da karkashi ba su da fitina, gefen kunya ya ishe su. Da waɗannan kun haɗa taushe da fate da kwaɗo ba tare da kun fita ƙofar gida ba.

Idan Agusta ta zo da marka, tumatur da tattasai sukan sha wahala, ganye ya yi tabo, 'ya'ya su ruɓe. In kun nace sai kun yi tumatur da damina, ku kafa masa sanda ku ɗaure shi, ku cire ganyen ƙasa da ke taɓa laka, ku ba shi tazara iska ta ratsa. Ciyawa kuwa tun tana ƙarama ake cire ta, mako-mako, kafin ta yi iri. Damina ce kuma lokacin dasa reshe. Shuwaka da lalle da zogale duk suna kamawa idan aka yanki reshe mai ƙwari aka soka a ƙasa mai danshi. Ku tari ruwan indararo a duro, amma ku rufe shi ruf. Gwangwani ko tsohuwar taya da ruwa ya kwanta a ciki gidan sauro ne, ku kifar da su, kada garka ta ba ku miya ta kuma ba ku zazzaɓi.

Kaka, wato Oktoba da Nuwamba, ita ce lokacin da matasa suka fi sakaci da garka, domin hankali ya koma girbin babbar gona. Alhali ayyuka uku ne ke jiran ku. Na farko shanya. Ku yanka kuɓewa ku busar, ku ɓare zoborodo, ku shanya barkono a kan tabarma mai tsabta nesa da ƙurar hanya. Ganyen zogale da na rama a inuwa ake shanya su, inda iska ke wucewa, domin rana tana kashe korensu da wani ɓangare na amfaninsu. Na biyu tara abin rufe ƙasa. Karan masara da ƙaiƙayin shinkafa da harawar da dabbobi suka rage, kada ku cinna musu wuta. Wutar da aka kunna a gefen gona ita ce ke shiga daji ta ƙone ƙananan kaɗanya da ɗorawa, kuma abin da kuka ƙona shi ne takinku na baɗi. Na uku renon iri. Ku gyara ɗan wuri mai laushi, ku yafa tumatur da tattasai da attarugu da latas da kabeji da albasa, ku rufe da ciyawa mara nauyi, da zarar sun tsiro ku ɗage ta sama ta zama rumfa. Tumatur yakan isa dashe cikin mako 3 zuwa 4, albasa kuwa sai mako 6 zuwa 8.

Hunturu shi ne daminar mai garka. Sanyin dare na Disamba da Janairu shi tumatur ke so ya ɗaure 'ya'ya, shi latas da kabeji da karas da albasa ke so. Yanzu dabarar ta juya: da damina kun ɗaga kunya don ruwa ya wuce, da rani sai ku yi fangali mai zurfi kaɗan don ruwa ya tsaya. Ku je ku ga yadda masu lambu na fadama da na wajen madatsar ruwa ta Bagoma ke tsara nasu, ku gaishe su, ku tambaya. Da yamma ake dashe. Ku shayar da wurin renon tukuna, ku ciro tsiron da ƙasarsa, ku dasa, ku ba shi ruwa nan take. Karas ba ya son dashe, inda zai zauna nan ake shuka shi, a ƙasa mai laushi mara tsakuwa. Albasa idan wuyanta ya fara kwanciya ku yanke mata ruwa, ta bushe a ƙasa kafin ku cire, sai ta daɗe a ajiye. Iskar hunturu tana busar da ganye, ku ƙara zana ta ɓangaren gabas da arewa inda take fitowa. Idan tumatur ya yi yawa a Fabrairu, ku yanka ku yi kauɗa, za ku gode wa kanku lokacin da ya yi tsada a farkon damina.

Wanda ke gidan haya ko gidan da aka shafe da siminti, shi ma yana da rabo. Buhun da aka juye, tsohon bokiti, robar fenti, fasasshiyar tukunya, duk garka ce. Ku huda gindin, ku sa tsingaro a kan hujin, ku cika da ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1, yashi kashi 1. Buhu guda yana ɗaukar tushen tumatur ko attarugu ɗaya. Abin da ya fi kashe shukar tukunya shi ne yawan ruwa. Ku soka yatsa a ƙasar, in kun ji danshi ku bar ta sai gobe.

Na san wasunku za su ce fure ba ya shiga tukunyar miya. Ku sani kabewa da gurji ba sa 'ya'ya da kyau sai ƙudan zuma ya yi zirga-zirga tsakanin furanninsu, kuma gidan da ke da fure shi yake ziyarta. Ban da haka, ido ma yana da haƙƙi, kuma mutanen da suka ga abin da muka gani suna buƙatar abin da zai sanyaya musu zuciya a tsakar gidansu. Ba sai kun sayo daga nesa ba. Lalle idan ya yi fure ƙanshinsa yana cika gida, ga ganyensa na ƙunshi. Ɗoɗɗoya da na'a-na'a a tukunya kusa da madafa suna ba da ƙanshi, suna shiga miya da shayi. Na'a-na'a tana son danshi da 'yar inuwa, kuma a tukunya ya kamata ta zauna, don a ƙasa takan mamaye wuri. Moɗa, mai dogon ganye kamar takobi da kakanninmu ke fitar da zare daga jikinta, danginta ne mutanen birni ke saye su ajiye a falo. Tana jure inuwar ɗaki, kuma ba ta son ruwa sai ƙasarta ta bushe. Kariya tana fitar da jan fure a tsakiyar rani lokacin da komai ya bushe, sai dai ruwan jikinta dafi ne, ku ajiye ta inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Shukar cikin ɗaki ku sa ta kusa da taga, ku riƙa goge mata ƙurar hunturu da jiƙaƙƙen tsumma.

Maganin ƙwari na farko shi ne idon mai garka. Kowace safiya ku zaga, ku ɗaga ganye ku duba bayansa, a nan darɓa da ƙwan tsutsa ke ɓuya. Abin da hannu zai cire tun yana kaɗan, ku cire. Manyanku suna tuna 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatur a Kaduna da Kano da Katsina da Jigawa, har gwamnatin jiharmu ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatur. Cikin ganye take shiga ta yi hanya fara-fara. In kun ga irin wannan ganye, ku tsinke ku ƙona. Ga sauran ƙwari, ku daka ƙwayar darbejiya rabin kilo, ku jiƙa a ruwa lita 10 ta kwana, ku tace, ku fesa da yamma lokacin da ƙudan zuma ya koma gida. Ina roƙon ku, kada fiya-fiya ta kusanci ganyen da za a ci. In ta kama dole ku sayi maganin feshi, ku tambayi malamin gona, ku kiyaye kwanakin da aka rubuta tsakanin feshi da tsinka, kuma robar maganin kada ta koma ta ruwan sha. Tumatur da tattasai da attarugu da gauta dangi ɗaya ne, cutarsu ɗaya, don haka kada ku maimaita su a wuri guda shekara bayan shekara. Ku sa wake ko albasa a tsakani. Shukar da ta yanƙwane haka kawai, ko kuka tuge ta kuka ga saiwarta ta yi ƙulli-ƙulli, wuta ce makomarta, ba ramin taki ba.

Saura maganar iri, kuma ita ta fi damuna. Daga shukar da ta fi lafiya ake ajiye iri, ba daga ragowar da aka rasa yadda za a yi da ita ba. Ku ɗaura wa kuɓewar da ta fi kyau ƙyalle, kowa ya san ba ta miya ba ce, ku bar ta ta bushe a jikin uwarta. Irin tumatur ku matse shi a kwano ya kwana 2, ku wanke, ku shanya a inuwa. In ya bushe sarai ku zuba a kwalba da ɗan toka, ku rubuta suna da shekara. Irin fakiti da ake kira haibirid yana da yabanya, amma idan kuka ajiye 'ya'yansa ba za su fito kamar uwarsu ba, shi kullum sabo ake saye. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da tashar binciken kayan lambu ta Bagauda a Kano suna aiki a kan ingantaccen iri, ku bi ta hannun malaman gona ku amfana. Amma akwai irin da ba ya cikin kowane fakiti. Tsofaffin matan da rikici ya taso daga ƙauyukansu, wasunsu sun fito da ƙullin irin kuɓewa ko kabewa ko barkonon da garinsu ya gada, wanda ya saba da ƙasarmu da ruwanmu. Ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku ce, "Iya, a sam mana iri." Ku shuka, ku mayar musu da ninki. In ba ku yi haka ba, ranar da suka tafi irin ya tafi.

Kada ku fara da babban wuri ku gaji a wata guda. Kunya biyu ko buhu uku sun isa shekarar farko. Ku duba lokacin da muke ciki yau, ku tambayi kanku aikin da lokaci mai zuwa ke buƙata, ku yi shi cikin makon nan. Ku ba ƙannenku tushe ɗaya-ɗaya ya zama nasu, su shayar, su tsinka. In garka ta yi albarka, ku fara da maƙwabci da gidan marayu kafin kasuwa, domin malamai sun karantar da mu cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci daga shukar bawa, sadaka ce a gare shi.

Allah ya yi muku albarka, ya sa wa hannuwanku yabanya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.